Yadda Gundumomin Lafiya Suke Bin Sawun Cututtuka: Misalin Sanƙarau a Jamhuriyar Nijar

Gabatarwa

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ratsa ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, inda ta kama mutane fiye da 250,000, ta kuma kashe kimanin 25,000. Nijeriya kaɗai ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da suka kamu. Bayan ƙura ta lafa, abin da ya fi damun hukumomi shi ne, a wurare da dama labarin ɓarkewar cutar bai kai ga masu ikon ɗaukar mataki ba sai bayan makonni, lokacin da allurar rigakafi ta riga ta makara. Shekara biyu bayan haka, wato a 1998, ministocin lafiya na ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗu a birnin Harare, suka amince da wani tsari na bai ɗaya na sa ido a kan cututtuka da ɗaukar mataki a kansu. Tsarin ya ɗora nauyin aikin a wuyan gundumar lafiya, domin ita ce hukumar da ta fi kusa da jama'a, kuma ita ke da ma'aikata da mota da ikon yin wani abu nan take.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake gudanar da wannan aiki. An ɗauki sanƙarau a Jamhuriyar Nijar a matsayin misali, saboda ƙasar tana tsakiyar yankin da likitan nan Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya siffanta a 1963 a matsayin zirin sanƙarau. Zirin ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, kuma a ƙididdigar yau ya taɓa ƙasashe 26. Cutar takan taso ne da rani, daga lokacin hunturu zuwa zafin bazara, ta lafa da zarar ruwan sama ya sauka.

Inda Adadi Yake Fitowa

Duk wani adadi da minista zai karanta a Yamai, asalinsa layi ɗaya ne a cikin rajistar wani ƙaramin asibiti. Tsarin lafiyar Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakunan shan magani na ƙauyuka, sama da su akwai asibitocin da ake kira CSI, waɗanda galibi malamin jinya ne ke shugabantarsu. Waɗannan suna ƙarƙashin gundumar lafiya, gundumomi kuma suna ƙarƙashin ofishin lafiya na jiha. Jihohin takwas ne: Agadas da Damagaram da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da kuma birnin Yamai. Daga jiha sai ma'aikatar lafiya ta ƙasa.

Idan aka kawo maras lafiya, malamin asibiti yakan rubuta sunansa da shekarunsa da garinsu da ranar da ciwon ya fara da kuma cutar da yake zaton ita ce. A nan ne matsala ta farko take. Malamin da ke wani ƙauye na Magarya da takwaransa da ke Gaya dole su riƙa kiran abu ɗaya da suna ɗaya, in ba haka ba haɗa lissafinsu ba shi da wani amfani. Saboda haka aka tsara wa kowace cuta ma'ana ƙayyadajjiya wadda kowa zai bi. Wanda ake zaton yana da sanƙarau shi ne duk wanda zazzaɓi mai zafi ya kama farat ɗaya, tare da sanƙarewar wuya ko gushewar hankali ko wata alama ta kumburin rigar ƙwaƙwalwa. Ga jarirai kuwa, waɗanda wuyansu ba lalle ya sanƙare ba, ana duba kumburin maɗiga. An faɗaɗa wannan ma'ana da gangan. Gara a saka wanda ba shi da cutar a cikin lissafi, daga baya gwaji ya fitar da shi, da a bar mai ita ya wuce ba a ƙirga shi ba.

Ɗalibin harshe zai lura da cewa sunayen da jama'a ke bai wa cututtuka ba su cika dacewa da waɗannan ma'anoni ba. Kalmar sanƙarau ta fito ne daga sanƙarewa, wato ta kama alama guda ɗaya ce kawai, alhali akwai wasu cututtukan da ke sanƙarar da jiki, kamar cutar sarƙewar haƙora, kuma zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan yi kama da ita ƙwarai. Kalmar shawara ta fi wannan rikitarwa. Bahaushe yakan kira duk ciwon da ya mai da ido ruwan ɗorawa da wannan suna, amma a wurin ma'aikatar lafiya wannan alama tana iya zama ta cututtuka daban-daban, kowace da hanyar yaɗuwarta. Wata sauro ke kawo ta, wata kuma gurɓataccen ruwa. A 2017, a jihar Difa, mutuwar mata masu ciki da idanunsu suka sauya launi ce ta ja hankalin ma'aikata, gwaji kuma ya nuna ciwon hanta ne nau'in E, wanda ruwan sha ke yaɗawa. Don haka ne idan za a horar da masu sa kai na gari, ba a tsayawa ga sunan cuta kawai. Akan koya musu su kawo labarin abin da ido ya gani: wane ne ke da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, wane yaro ne ƙafarsa ta saki ba zato, a wane gida ne mutum biyu ko uku suka mutu a mako guda.

Rahoton Mako da Rahoton "Babu"

Akwai jerin cututtukan da doka ta wajabta a ba da rahotonsu, kamar sanƙarau da ƙyanda da kwalara da shan inna da zazzaɓin shawara da mashaƙo. Wasu daga cikinsu ba a jiran ƙarshen mako. Mutum ɗaya da ake zaton yana da kwalara, ko yaro ɗaya da gaɓarsa ta saki, ya isa a sanar da gunduma nan take. Sauran kuwa ana tara su ne mako-mako. Makon lissafi yana farawa ran Litinin ya ƙare ran Lahadi, kuma kowane mako yana da lambarsa a shekara. Da shigowar sabon mako, kowane asibiti zai ƙirga mutum nawa ya gani da kowace cuta, nawa suka mutu, ya aika wa jami'in gunduma mai kula da sa ido a kan cututtuka. Shi kuma ya haɗa na dukan asibitocinsa ya tura jiha, jiha ta tura Yamai. A da, takarda ce ake ba direba ko a karanta ta rediyon oba-oba. Daga baya wayar salula ta sauƙaƙa abin, yanzu kuma ƙasashe da yawa na Afirka, har da Nijar, suna shigar da alƙalumansu cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take kula da ita.

Wata ƙa'ida da ta fi kowace muhimmanci a wannan mataki ita ce, asibitin da bai ga kowa ba ma dole ya aiko da rahoto, ya rubuta sifiri. Dalili kuwa a fili yake. Idan asibiti ya yi shiru, jami'in gunduma ba zai san ko lafiya ce ta kawo shirun ba, ko kuwa malamin ya yi tafiya, ko wayarsa ba caji, ko ma marasa lafiya ne suka yi masa yawa har bai samu sukunin rubutu ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin wurin da annoba ta fi tsanani shi ne wurin da ya fi yiwuwa rahoto ya makara. Saboda haka gunduma ba cututtuka kaɗai take ƙirgawa ba, har rahotannin kansu tana ƙirgawa: asibiti nawa ne suka aiko, nawa ne kuma suka aiko a kan kari. Abin da ake nema shi ne aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Jadawalin da ya nuna cuta ta ragu a makon da rabin asibitoci ba su aiko da komai ba, jami'in da ya san aikinsa ba ya murna da shi.

Matakin Gargaɗi da Matakin Annoba

Sanƙarau ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, kowace shekara akan samu masu kamuwa jefi-jefi. Tambayar ita ce, yaushe ne jefi-jefi ya zama annoba? Ba a barin wannan ga ra'ayin kowane jami'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya matakai biyu, waɗanda ta sake wa fasali a 2014. A yankin da ke da mutane 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, an kai matakin gargaɗi. Idan aka samu 10 cikin 100,000 a mako guda, an kai matakin annoba. Kafin 2014 matakin gargaɗi 5 ne, aka rage shi zuwa 3 don a samu ƙarin lokacin shiri. Ƙananan wurare da ba su kai mutum 30,000 ba, ba a yi musu wannan lissafi. Mutum 2 a mako gargaɗi ne, 5 a mako kuwa annoba ce.

Kowane mataki yana da aikin da ke biye da shi. A matakin gargaɗi gunduma takan tura tawaga ta binciki wurin, a ɗebi samfuri, a duba ko akwai isasshen magani, a sanar da maƙwabtan gundumomi. A matakin annoba akan fara ba da magani kyauta bisa tsarin annoba, galibi allurar ceftriaxone, a kuma shirya yi wa jama'a rigakafi. Ana son a yi rigakafin cikin mako huɗu da ƙetare matakin, domin bayan nan amfaninsa raguwa yake yi ƙwarai. Gaggawar tana da dalili. Cutar tana iya kashe rabin waɗanda ba su samu magani ba, ko da magani ma kusan ɗaya cikin goma kan mutu, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma sukan kurumce ko su samu wata naƙasa ta dindindin.

Wani misali na lissafi zai nuna abin da ya sa ake raba manyan gundumomi gida-gida kafin a auna. A ƙaddara wata gunduma tana da mutane 500,000, a cikinta kuma akwai wani yanki mai mutane 60,000 inda mutum 9 suka kamu a mako guda, sauran gundumar kuwa lafiya lau. Idan aka auna 9 da yawan jama'ar gunduma baki ɗaya, za a samu ƙasa da mutum 2 cikin 100,000, wato ko matakin gargaɗi ba a kai ba. Amma idan aka auna da mutanen yankin kaɗai, za a samu 15 cikin 100,000, wato an wuce matakin annoba. Adadin masu ciwo bai sauya ba, abin da aka raba shi da shi ne ya sauya. Babbar gunduma tana iya haɗiye annobar ƙaramin yanki har tsawon makonni ba a ankara ba.

Wannan ya kawo batun yawan jama'a, wanda shi ne raunin da ba a cika magana a kansa ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Nijar tana da mutane kimanin miliyan 17, kuma suna ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Tsakanin wata ƙidaya da wata, kiyasi kawai ake yi, a ɗora wa kowane yanki ƙarin da ake zato. Sai dai mutane ba sa zama inda takarda ta ajiye su. Lokacin sanƙarau shi ne kuma lokacin cin rani, inda ƙauyuka kan ragu, unguwannin gefen birane su cika. Rikicin Boko Haram ya tara dubban ƴan gudun hijira a jihar Difa, gano zinariya a Jado a 2014 kuma ya kai tarin mutane wuraren da a da babu kowa. A irin waɗannan wurare jami'in gunduma yana raba adadi na gaskiya ne da adadi na zato.

Aikin Ɗakin Gwaje-gwaje

Rahoton mako yana faɗin mutum nawa da kuma ina, amma ba ya faɗin wace ƙwayar cuta ce. Sanin wannan sai an ɗebi ruwan laka daga ƙashin bayan maras lafiya. Ruwan mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau kuwa sau da yawa yakan yi duhu-duhu kamar ruwan tsari. Akan zuba shi a wata kwalba ta musamman da ke riƙe ƙwayar cutar da rai, a aika ɗakin gwaji na gunduma ko na jiha, daga nan zuwa cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai, wadda ita ce madogarar ƙasa a kan wannan cuta. Tafiyar samfuri daga ƙauye mai nisa cikin zafin watan Afrilu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma iyaye da yawa sukan ji tsoron allurar baya, sai an yi musu bayani da harshen da suke ji.

Muhimmancin gwajin shi ne, ƙwayar da ke haddasa annobar tana da rukunoni, waɗanda ake wa laƙabi da haruffa: A da C da W da X da sauransu, kuma rigakafin wani rukuni ba ya kare mutum daga wani. Shekaru aru-aru rukunin A ne ke kawo manyan annobobi. Amma a 2002 rukunin W ya ɓarke a Burkina Faso, a 2006 kuma rukunin X, wanda a lokacin ba shi da rigakafi sam, ya addabi Yamai da kewaye. Akwai wani rumbun rigakafi na duniya da aka kafa a 1997, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka da ƙungiyar Red Cross suke kula da shi. Ƙasar da ke neman allura daga gare shi sai ta gabatar da alƙaluman mako-mako da sakamakon gwaji da ke nuna rukunin da ke yawo. Ke nan rajistar ƙauye da kwalbar samfuri su ne shaidun da ake karɓar rigakafi da su.

A watan Disamba na 2010 aka fara yi wa mutane masu shekara 1 zuwa 29 sabuwar allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya yi ta, a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura. Alƙaluman mako-mako ne suka tabbatar da nasararta, domin rukunin A ya yi ta raguwa har aka daina ganinsa. Su ne kuma suka nuna cewa aiki bai ƙare ba. Wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a arewa maso yammacin Nijeriya a 2013, a 2015 kuma ya faɗa wa Nijar, inda aka ƙirga fiye da mutum 8,000 da suka kamu, fiye da 500 suka mutu. Yamai ce ta fi jin jiki, har aka rufe makarantunta na ƴan kwanaki a watan Afrilu. A wannan shekara tsarin sa ido ya yi nasa aikin, an gane rukunin, amma rigakafin C ya yi ƙaranci a duniya. Sanin abin da ke tafe bai zama samun abin tare shi ba. Sai a 2024 aka fara amfani da wata allura mai kariya daga rukunoni biyar a haɗe, wato A da C da W da X da Y, kuma Nijeriya ce ƙasar farko da ta yi amfani da ita.

Waɗanda Rajista Ba Ta Gani

Ban da rahoton mako, kowane asibiti yana cike rahoton wata, wanda ya ƙunshi sauran bayanan lafiyar jama'a: mata nawa suka zo awon ciki, nawa suka haihu a asibiti, yara nawa aka yi wa rigakafi, nawa aka samu da tamowa. Da shi gunduma take tsara rabon magani da ma'aikata. Karanta waɗannan alƙaluma yana bukatar hattara. Bayan da gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, zuwan yara asibiti ya ƙaru ƙwarai. Wanda ya dubi jadawali kawai zai ce cututtukan yara sun ƙaru, alhali yaran da a da suke kwance a gida ne suka fara bayyana a rajista.

Rajista ba ta san wanda bai zo ba. Wanda ya je wurin mai maganin gargajiya, ko ya sayi ƙwayoyi a kasuwa, ko ya mutu a gida aka rufe shi a yinin, ba ya cikin lissafi. Don cike wannan giɓi akan yi binciken gida-gida lokaci-lokaci, kamar binciken yawan jama'a da lafiya da aka gudanar a Nijar a 1992 da 1998 da 2006 da 2012, akan kuma dogara da masu unguwa da limamai da ungozomomi da masu sa kai su kawo labarin abin da ba a saba gani ba.

Masu yaƙi da shan inna sun fito da wata dabara ta auna ko tsarin yana gani ko ba ya gani. An san cewa ko babu shan inna, akwai wasu cututtuka da ke sa gaɓar yaro ta saki. Saboda haka ana sa ran kowace gunduma ta gano aƙalla yara 2 masu irin wannan laulayi cikin kowane yara 100,000 ƴan ƙasa da shekara 15 a shekara, ta ɗebi bayan gidansu sau biyu cikin kwana 14 da fara ciwon, ta aika gwaji. Gundumar da ta shekara ba ta samu ko ɗaya ba, ba a yaba mata, tuhumarta ake yi da rashin dubawa. Abin da ya faru a Nijeriya ya nuna hikimar wannan. Ƙasar ta yi shekara biyu ba a samu shan inna na asali ba, sai ga shi a watan Agusta na 2016 an gano yara masu ita a jihar Borno. Binciken ƙwayar cutar ya nuna ta yi kusan shekara biyar tana yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Nan da nan Nijar da Chadi da Kamaru suka shiga gangamin rigakafi tare da Nijeriya a yankin Tafkin Chadi, kuma sai da aka ƙara shekara huɗu ana bincike kafin a ayyana, ran 25 ga Agusta 2020, cewa yankin Afirka ya rabu da wannan nau'i na cutar.